Takardar da maƙwabcina yake rubutawa a watan Agusta



Ɗan uwa mai karatu, ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa na kawo maka ba. Wani abu ne na gani a gidan maƙwabcina Kirista a shekarun da na yi ina neman abinci a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, garin da ƴan Nijar ke da yawa a cikinsa.

Mutumin kafinta ne, ƴaƴansa huɗu, kuma babu ko ɗaya da ke zuwa lakwal. Matarsa ce ke koyar da su a teburin cin abinci. Da farko na ɗauka sakaci ne, ashe doka ta san da su. Tun 1993 karantar da yara a gida ya halatta a dukan jihohin Amurka 50. A jihar da muke, sai iyaye sun sanar da hukuma a rubuce, mai koyarwar ya zamana ya gama sakandare, a yi karatu aƙalla wata 9 a shekara, a ajiye rajistar halarta da ta rigakafi, sannan kowace shekara yaro ya zauna jarabawar da aka amince da ita a faɗin ƙasar, a karatu da rubutu da nahawu da lissafi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar Agusta. Kafin a fara shekara, miji da mata sukan zauna su ware wa kowane yaro takarda guda, su raba ta gida huɗu: hankali, jiki, tsakaninsa da Ubangiji, tsakaninsa da mutane. Ya ce mini daga wata aya a babi na 2 na littafin Luka suka ɗauko rabon. Ba sa rubuta “ya zama yaron kirki”, domin a cewarsa wannan fata ce, ba a iya auna ta. Ga ɗan shekara bakwai sun rubuta: ya karanta shafi guda a bayyane ba tare da tuntuɓe ba kafin Kirsimeti, ya haddace ayoyi kaza, ya daina katse babba idan yana magana. Ga babbar ƴar: ta iya dafa abincin gida gaba ɗaya sau ɗaya a mako, ta riƙa kai wa wata tsohuwa ta cocinsu ziyara. Yaron da kansa yakan ƙara buri ɗaya nasa. A watan Janairu su ciro takardun su duba.

Kada ka zaci komai yana tafiya daidai. Shekara guda jarabawa ta nuna ɗansu na biyu ya koma baya ƙwarai a lissafi, uwar ta yi kuka, ta ce ilminta ya ƙare a nan. Suka nemi wani ya riƙa koya masa da kuɗi. Na kuma lura matar a gajiye take kullum, kuma yaran ba su saba da waɗanda ba irinsu ba. Shi ya sa ba na ce maka ka cire ɗanka daga lakwal ba; wanda zai zauna BEPC yana bukatar aji da mushe.

Wata rana da yamma yana gyaran ƙofata, sai ya tambaye ni ɗana da na baro a Maradi. Na ce yana lafiya, yana zuwa lakwal da safe, makarantar allo da yamma, ina aika kuɗi duk wata.

Ya ce, “To, me kake so ya sani kafin ƙarshen shekarar nan?”

Wallahi na rasa amsa. Na san jika nawa nake aikawa, na san kuɗin littattafai da na sadakar Laraba, amma ban san surar da ke kan allonsa ba. Ni da nake ji a huɗuba cewa za a tambaye ni game da abin da aka ba ni kiwo.

Daren nan na kira gida. Yaron ya ce, “Baba, ina Sabbi.” Na ce ya karanta mini, ya karanta da daɗi. Na ce ya faɗa mini farillan alwala, sai ya yi shiru. Shekararsa goma sha ɗaya a lokacin, kuma yana salla kullum a bayan liman.

Na sa mahaifiyarsa ta ɗauko takarda, ina faɗa tana rubutawa da ajami. Mun sa abu biyar kawai: ya kammala izu biyu da tilawa mai kyau kafin azumi, ya karanta babin tsarki a Ahalari a gaban malaminsa, ya iya rabawa a lissafi, ya riƙa gaida kakarsa kowace Juma’a, ya koyi faci da gyaran sarƙar keke a wurin kawunsa. Ƙanena ya kai takardar wa malamin allo, na kuwa ji tsoron kada ya ɗauka raini ne. Sai malam ya aiko mini da saƙon murya yana cewa rabon da wani uba ya tambaye shi inda ɗansa ya kai har ya manta.

Da azumi ya zo, huɗu sun samu. Rabawar ce ta gagara, muka sake rubuta ta a saman takardar shekara mai zuwa.