Bindiga a Ƙugu, Allo a Ƙofa: Makon Farko a Houston

Juma'a, 1 ga Janairu, 2016

Daga yau duk mai lasisin ƙaramar bindiga a jihar Texas yana da damar ɗaura ta a fili, a ƙugu ko a kafaɗa, muddin tana cikin kubenta. Tun watan Yunin bara Gwamna Greg Abbott ya sa wa dokar hannu, a wani wurin koyon harbi da ke Pflugerville kusa da Austin. Lasisin da aka fara bayarwa ƙarƙashin dokar 1995, zamanin George W. Bush yana gwamna, na ɓoyewa ne: bindiga na jikinka, riga ta rufe ta. Hana yawo da ita kuwa tun 1871 yake. Masu lasisi yanzu sun haura dubu 900, a jihar da ke da mutum kusan miliyan 27.

Majalisar jiha ta bar wa kowane mai kanti, mai gidan abinci da kowane wurin ibada ikon cewa a'a a ƙofarsa. Ke nan rigimar da 'yan siyasa suka yi shekaru suna yi a Austin ta tashi daga zaurensu ta sauka a bakin shago.

A masallacinmu kwamiti bai tsaya jan magana ba, alluna na manne tun kafin mu iso salla. Babu wanda ya manta da watan Nuwamba, lokacin da wasu mutane suka tsaya da manyan bindigogi a gaban masallacin Irving, kusa da Dallas. Doguwar bindiga dama ba ta buƙatar lasisi a jihar nan.

Asabar, 2 ga Janairu

Na je cefane H-E-B, na tsaya na karanta allon ƙofarsu tun daga sama har ƙasa. Doka ce ta tsara komai nasa. Kalmomin sai an kwafo su daidai yadda suke a sashe na 30.07 na dokar laifuffuka, da Turanci da Sifaniyanci, kowane harafi tsawonsa aƙalla inci ɗaya, launin rubutu ya bambanta da na allo, kuma a kafa shi a kowace ƙofar shiga. Hoton bindiga da jan layi a kanta, irin wanda kowa zai gane da kallo ɗaya, ba ya ɗaure mai lasisi. Wanda yake son hana ta ɓoye ma, sai ya ƙara wani allon daban, na 30.06. H-E-B na fili kaɗai suka hana. Mai lasisi ya rufe tasa ya shigo.

Kroger kuwa ƙofarsu fayau. Sun ce dokar jiha suke bi, duk da matsin da ƙungiyar iyaye mata ta Moms Demand Action take yi musu tun 2014. Madara ɗaya, burodi ɗaya, farashi kusan ɗaya, amma yanzu matar gida na iya zaɓar inda za ta kai yaranta cefane gwargwadon abin da ke manne a gilashin ƙofa.

Lahadi, 3 ga Janairu

Labarin da gidajen talabijin suka fi so shi ne na Brooks' Place, wani wurin gashin nama a Cypress, da ya yi ragin kashi 25 cikin ɗari ranar Juma'a ga duk wanda ya zo da tasa a fili. Ban ga bindiga ko ɗaya a ƙugun kowa ba tukuna, in ban da 'yan sanda.

Litinin, 4 ga Janairu

Da yamma na biya shagon Alhaji, a kudu maso yammacin gari inda 'yan Najeriya suka fi yawa. Garin rogo, manja, busasshen kifi, daddawa, har da katin waya. Na tarar da shi da takardu biyu a kan kanta, ɗaya 30.06, ɗaya 30.07, ɗansa ya bugo masa daga intanet.

"Malam, kai da ka yi boko, wanne zan liƙa?" ya ce.

Na ce, "Alhaji, kai me kake so a shagonka?"

"Ciniki nake so, da in koma gida lafiya."

Ya lissafa mini damuwarsa ɗaya bayan ɗaya. In ya liƙa duka biyun, yana ganin ya sanar da ɓarawo cewa babu mai makami a ciki, ga shi yana kaiwa dare. In bai liƙa komai ba, akwai matan da suka riga suka gaya wa matarsa Hajiya cewa ranar da suka ga bindiga tsakanin buhunan shinkafa, sun daina zuwa. Ga ƙofar ƙarama ce. Manyan alluna biyu, kowane da harsuna biyu, za su rufe gilashin da yake leƙen wanda ke tahowa daga wajen ajiye motoci. Gaba kura, baya siyaki.

Na tuna masa cewa doka ta yarda da faɗa da baki: ko babu allo, in mai wuri ya ce wa mutum ya fita da bindigarsa, dole ya fita. Wanda ya tsallake allo tararsa ba ta wuce dala 200 ba, amma wanda aka ce ya fita ya ƙi, laifinsa na iya kai shi ɗaurin shekara guda. Hajiya ce ta amsa daga bayan kanta: "To wa zai faɗa? Alhaji yana sito rabin yini. Yarinyar nan da ke karɓar kuɗi ce za ta ce wa ƙato mai bindiga ya fita?"

Tun da aka fara wannan muhawara ban ji tambayar da ta kai tata ba. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da masu gadi. A ƙaramin shago, aiwatar da dokar ya faɗa kan wanda ya fi kowa ƙarancin albashi.

Talata, 5 ga Janairu

Shugaba Obama ya yi jawabi daga Fadar White House kan tsaurara binciken masu sayen bindiga. Da ya zo kan yara 20 da aka kashe a makarantar Sandy Hook a 2012, hawaye suka zubo masa. Abin da ya sanar bai taɓa dokar Texas ba ko kaɗan.

Maganar Hajiya ta sake fitowa ta wata ƙofa. Walmart ba ta hana ba, amma a rassan da ke sayar da barasa an umarci manajoji su nemi ganin lasisin wanda ya shigo da bindiga a fili, domin dokar barasa ta jiha ta hana marar lasisi shiga da makami irin wannan wuri, kuma kanti na iya rasa izininsa. Mutum ya ɗauki aikin kula da kanti, yau an ƙara masa na tare mai makami. Mashaya kam doka ta hutar da ita: duk inda barasar da ake sha a wurin ta kai kashi 51 na ciniki, akwai allo mai jan 51%, kuma babu shiga da bindiga ko da lasisi.

Laraba, 6 ga Janairu

Akwai masu hanawa, akwai masu roƙo. Starbucks a 2013, Chipotle da Target a 2014, duk roƙo suka yi cewa a bar bindiga a gida, bayan da masu fafutuka suka riƙa shiga rassansu da dogayen bindigogi suna ɗaukar hoto. Roƙo daga hedikwata ba ya ɗaure kowa a gaban doka. Yana kare sunan kamfani a jarida, ya bar ma'aikaci bai san abin da zai ce ba.

Shi ya sa matsayin Whataburger ya fi kwanta mini. Shugabansu Preston Atkinson ya fito tun Yulin bara ya ce shi kansa maharbi ne mai lasisi, amma ma'aikata da masu cin abinci da yawa sun shaida musu ba sa sakewa kusa da bindiga a fili in ba a jikin jami'in tsaro take ba, don haka ba za a shiga da ita haka ba. Bai zagi kowa ba, kuma yaron da ke soya dankali ya san inda aka tsaya.

Alhamis, 7 ga Janairu

Na ga bindiga ta farko a fili, a gidan mai. Dattijo ne Bature, ya sayi kofi, ya gaisa da mai karɓar kuɗi, ya fita. Babu abin da ya faru, sai dai hirar da ake yi a layi ta tsaya har ya bar wurin.

Hakki ne a kaina in rubuta abin da wani abokin aikina mai lasisi ya faɗa mini. Kafin a ba ka lasisi, sai ka kai shekara 21, an ɗauki zanen yatsunka, an binciki tarihinka, ka zauna aji na awa 4 zuwa 6, ka ci jarrabawar harbi. Shi abin da ke ransa Luby's ne, gidan abincin Killeen da wani ya kashe mutum 23 a 1991, kuma wata da iyayenta suka mutu a wurin, Suzanna Hupp, ta bar bindigarta a mota saboda dokar lokacin. Ban raina tsoronsa ba. Amma shi ma ya ce ba zai fito da tasa fili ba, don mugu da mai bindiga yake farawa.

Ya ƙara da abin da ni ma yake cina, domin shi baƙar fata ne kamar ni. A 2014 a jihar Ohio, inda yawo da bindiga a fili halal ne, 'yan sanda suka harbe John Crawford a cikin kanti yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar kayan sayarwa. Dattijon gidan mai ya fita da kofinsa lafiya. Ba ni da tabbacin haka za ta kasance da ɗan Alhaji, mai gemu da hula, ko da lasisi a aljihunsa.

Juma'a, 8 ga Janairu

Bayan salla Alhaji ya ja ni gefe. Ya yanke shawara: 30.07 kaɗai zai kafa, a bangon gefen ƙofa don kada ya toshe gilashi. Ta ɓoye ya bar wa Allah, tun da shekara da shekaru ana shigo masa da ita bai sani ba. Ya kuma gaya wa yarinyar kanta cewa in wani ya shigo da ita a fili duk da allon, kada ta ce uffan, ta karɓi kuɗinsa ta kira shi a waya. Shi zai fito ya yi maganar. Mai buga allo ya ce sai mako mai zuwa, aiki ya yi masa yawa.

Ɗansa na jami'ar gwamnati a nan Houston. Daga 1 ga Agusta wata dokar za ta fara aiki, wadda ta ba masu lasisi damar shiga azuzuwa da bindiga a ɓoye. Jami'o'i masu zaman kansu na iya cewa ba sa so, na gwamnati ba su da wannan zaɓi. Alhaji ya ce in zo gida ranar Lahadi mu zauna da yaron mu karanta ta tare.