Neman Inda Iska Ke Zurarewa

Kalmar da ta fi yawan fita daga bakin masu gyara a garejojinmu ita ce "a canza." Mota ta yi tari, a canza fulogi, firji ya daina sanyi, a canza kwamfuresa. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma mai abu ya biya kuɗin kaya uku kafin a yi karo da wanda ya lalace. Ban cika ganin laifin bakanike shi kaɗai ba, domin mu masu kai gyara ba ma biyan kuɗin bincike. Wanda ya ɓata awa uku yana neman matsala, ya gano waya ce ta kwance, ya ɗaure, da ƙyar za mu ba shi kuɗin shayi. Wanda kuwa ya kwance sabon kaya daga kwali, shi muke gani ya yi aiki. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani babur da ya ci mini kusan mako uku a hunturun da ya wuce.

Babur ɗin Harley-Davidson ne, samfurin Road King, irin waɗanda aka ƙera domin doguwar tafiya. Kamfanin ya fara aiki a birnin Milwoki na Amurka a 1903, kuma baburansa na tafiya suna da nauyin da ya haura kilo 350 tun kafin mutum ya hau. Nawa na hannu ne, ya shigo ta Legas. A baya kamfanin ya yi shekaru da yawa yana fitar da irin waɗannan babura da shokazoban baya masu ɗaukar iska kaɗan, wadda ba ta wuce awo 50 a ma'aunin PSI, ana hura ta da ƙaramin famfon hannu ta wani bawul irin na taya. Amma wanda ya riga ni mallakarsa a can Amurka ya cire na kamfanin, ya ɗaura wani tsari na daban da ya saya a kasuwa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ba ya kan kamfanin da ya ƙera babur.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. A maimakon sifirin na ƙarfe, kowane shokazoba yana da jakar roba mai kauri da iska ke cikawa, ita ke ɗaukar nauyi. Akwai ƙaramar kwamfuresa mai aiki da batirin babur, akwai siririn tiyo na leda mai tauri da ke kai iska, akwai bawul mai hana iska komawa baya, da wani bawul mai aiki da lantarki wanda ke sakin iska waje, sai makunni a kusa da hannu. Ka danna sama, bayan babur ya ɗaga. Ka danna ƙasa, ya yi huci ya durƙusa kamar raƙumi. Amurkawa na saka shi saboda dalilai uku. Gajeren mutum yana so ƙafarsa ta taɓa ƙasa idan ya tsaya. Mai ɗaukar fasinja da kaya yana so ya ƙara iska ba tare da ya sauka ba. Na uku kuwa ƙawa ce zalla, a ajiye babur ya kwanta har ƙasa jama'a su kewaye shi. Ni na biyun ne ya shafe ni, domin nakan goya babban ɗana, kuma mun sa ranar zuwa Damagaram ta Kazaure da Daura da Kwangwalam.

Matsalar ta fara ne a hankali. In ajiye shi da dare a tsaye cak, in tashi da asuba in tarar bayansa ya zauna. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma duk abin da ke riƙe iska wata rana zai sake ta. Sai dai wannan zama yana da haɗarin da mutum ba zai yi zato ba. Idan bayan babur ya sauka, jinginar da ya yi a kan ƙafarsa ta gefe tana raguwa, sai ya miƙe sosai, har ya iya kifewa ta dama. Ranar da na tarar da shi yana tsaye ƙiƙam kamar wanda aka kafa, yara kuma suna wasa a tsakar gida, na san ba abin jira ba ne.

Bakaniken da na fara kai wa mutum ne mai hannu, ya yi shekaru yana gyaran manyan babura. Ya danna makunni, ya saurara, ya ce, "Malam, jakunkunan nan sun gaji. A yo odar sababbi kawai, a huta." Na tambaye shi ta ina ya gane. Ya ce ai haka suke yi. Kuɗin sababbi da na jirgi da na kwastan, a farashin dalar yau, sun kusa sayen ƙaramin babur sabo. Na ce ya ba ni lokaci.

Abu na farko da na yi shi ne na daina yarda da geji. Wannan yana bukatar ɗan bayani. Muddin nauyin babur yana zaune a kan jakar iska, matsin da ke ciki yana bin nauyin ne. Idan iska kaɗan ta fita, jakar sai ta ɗan lotsa, babur ya sauka, amma allurar geji ba za ta motsa sosai ba sai abin ya yi nisa. Don haka na ɗauko tef ɗin awo na tela, na riƙa auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da gefen madigadin baya, ina rubutawa a bango da alli, dare da safe. Akwai kuma ruɗin da sanyi ke kawowa. Iska tana tsukewa idan ta huce. Wadda take da zafin digiri 38 bayan an dawo daga tafiya, idan ta kwana ta sauka zuwa 13 da asubar hunturun Kano, takan rage girma da kusan kashi 8 cikin 100 ba tare da ko ɗigo ya fita ba. Wanda bai san haka ba zai iya kwance lafiyayyen babur yana neman ɓular da babu ita. Maganin wannan ruɗi shi ne a auna asuba da asuba. Da na yi haka, sai na ga nawa yana sauka fiye da abin da sanyi zai iya jawowa, kuma kullum ƙara sauka yake. Iska na fita da gaske.

Daga nan sai ruwan sabulu. Na cire akwatunan gefe da kujera, na tallafe babur da jak, na shafa kumfa a kowace mahaɗa. Irin waɗannan mahaɗai turawa kawai ake yi: tiyo ya shiga, wasu ƙananan haƙora su cafke shi, wani zoben roba ya toshe kewayensa. Idan an yanke bakin tiyo a karkace, ko an datse shi da filaya ya lanƙwashe, zoben ba zai kama daidai ba, kuma a nan mafi yawan yoyo yake fitowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na jira, ban ga ƙwayar kumfa ko ɗaya ta kumbura ba. Kwana biyu ina wannan, har mutanen gida suka fara tambaya ko wanka nake yi wa babur.

Sai na koma ga dabarar da ta fi kowace amfani a irin wannan bincike, wato raba abu gida biyu. Na saki iskar gaba ɗaya, domin ba a zare tiyo da iska a ciki, na cire layin da ya taso daga kwamfuresa, na ɗaura bawul irin na taya a madadinsa, na hura jakunkunan da famfo. Yanzu sun zama su kaɗai, ba su da alaƙa da sauran kayan. Dare biyu alli bai motsa ba. Jakunkunan da aka yanke wa hukuncin gajiya lafiyarsu ƙalau. Ɓarawon yana ɗaya ɓangaren, inda kwamfuresa da bawuloli suke.

Wanda ya kama shi wani dattijo ne mai faci a bakin titinmu, wanda bai taɓa ganin irin wannan tsari ba a rayuwarsa. Na je neman bawul a wurinsa, na ba shi labari. Ya ce, "Ɗana, ita iskar idan ka ce ta fita, ta ina take fita?" Na nuna masa ɗan bakin da bawul mai saki yake huci ta ciki. Ya ce, "To ƙofar da aka yi domin fita ai ita za ka fara tuhuma. Sa mata tiyo, ka tsoma bakinsa a kofin ruwa." Na ce, "Baba, ai na shafa mata sabulu." Ya yi dariya ya ce sabulu yana bushewa da iskar hunturu kafin ƙaramin yoyo ya hura shi, ruwa kuwa ba ya gajiya da jira. Muka tsoma. Bayan ɗan lokaci ƙwayar iska ɗaya ta taso, aka jima wata ta biyo. Da na kwance bawul ɗin, sai ga wani ɗan zare na farin tef ɗin da masu aikin famfo ke naɗawa a bakin mahaɗa, ya maƙale a kan robar da ke rufe ƙofar, ƙura ta taru a jikinsa. Duk wanda ya ɗaura kayan ya naɗa tef ɗin har bakin zaren ƙarfe, guntunsa ya tsinke ya bi iska. Na wanke, na mayar. Abin da na kashe bai wuce kuɗin bawul da na goron Baba ba.

Tunda na riga na buɗe cikin babur, sai na bi sauran. Kwamfuresar ta daɗe tana aiki da kasala, kuma da na faɗa wa mai gyara na san amsar da zan ji. Na sa mita: batir yana ba da bolt 12.6, amma idan kwamfuresa ta tashi, abin da ke isa gare ta bai kai 10 ba. Fis lafiya, rile yana ƙarar kamawa yadda ya kamata. Wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen babur domin wuta ta koma batir ita ce ta yi tsatsa a gindi, ga alama tun zaman da ya yi a jirgin ruwa. Na kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, na ɗaure, muryar kwamfuresa ta canza nan take. Matatar iskarta ma, ɗan soso ne da bai fi kwabo faɗi ba, ta toshe da jar ƙasa. Wanda ya ƙera ta bai yi lissafin watan Janairu a Kano ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ban je nemansa ba. A gefen dama, tiyon ya bi ta kusa da salansa, tazarar da ba ta fi yatsa ba. Wurin ya sauya launi, ya yi tauri, na lanƙwasa shi kaɗan sai ya tsage a hannuna. Jakunkuna biyun layi ɗaya suke sha, don haka da ya fashe a kan hanya, duka za su sace a cikin daƙiƙa. Bayan babur zai faɗo, taya ta iya gogar cikin madigadi inda wayoyin fitilar baya suke bi, ƙasan babur ya kusanci kwalta ta yadda kwana kaɗan zai sa ƙarfe ya kartu. Ina tunanin wannan a kan gudun kilomita 100, da ɗana a baya, a tsakanin Kazaure da Daura. Yoyon da ya hana ni barci mako uku ba zai kashe kowa ba. Wannan kuwa ko alama bai taɓa nunawa ba, kuma da an bi shawarar farko an ɗaura sababbin jakunkuna, da a kan wannan tsohon tiyon za a jona su.

Idan mai karatu ya tambaye ni ko ya saka irin wannan tsari a babur ɗinsa, zan ce ya yi nazari sosai. Sifirin na ƙarfe yakan gaji a hankali, yana ba ka shekaru kana lura. Iska tana da daɗin hawa, kuma ranar da na goya mutum da kaya nakan gode mata, amma ta dogara ga mahaɗai kusan goma da wayoyi da robobi, kuma babu shagon da ke sayar da kayanta a garuruwan da nake bi. Littafin kamfanin da ya ƙera babur bai san da zamanta ba, wanda ya ɗaura ta kuma yana wata nahiya. Duk wanda ya gaji irin wannan ƙari, shi ne ya zama injiniyansa, ko yana so ko ba ya so.

Ni dai ban cire ba. Na sake duk tiyon, na yanke kowane baki da reza a miƙe, na bi da shi nesa da salansa da bel, na rufe shi da rigar da ke kare zafi a inda ya zama dole. Bawul ɗin tayar nan da na yi gwaji da shi na bar shi a jiki, domin ko kwamfuresa ta mutu a daji in iya hurawa da hannu. A akwatin hagu yanzu akwai tiyo mita biyu, da mahaɗai huɗu, da fis, da reza, da famfo. Na koma wurin bakanikena na nuna masa guntun tef ɗin a tafin hannu. Ya juya shi, ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani babur irin nawa da ke zaune a bayan garejinsa wata biyu ana jiran kaya daga Amurka, ya roƙi in zo ranar Asabar da tef ɗin awona.