Kwamfuta da Hausar Manoman Malumfashi

A Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, mutane sun daɗe da sabawa da yi wa na'ura magana. Dillalin hatsin da ke son jin yadda masara ta kwana a kasuwar Ɗandume ba ya tsayawa latsa haruffa, alamar makirufo yake dannawa a WhatsApp ya faɗi abin da ke bakinsa. Haka mai sayar da taki, haka uwar da ɗanta ya tafi ci-rani Legas. Sai dai a duk wannan, wayar 'yar aike ce kawai, tana kai murya ba tare da ta san me aka ce ba. Abin da ake gwadawa yanzu ya wuce nan. Manhajoji ne iri biyu: ɗaya ta saurari magana ta rubuta, ɗayar ta ɗauki rubutu ta karanta da murya. Wasu daga cikinsu ma da zarar an sauke su a kwamfutar gida, ba sa ƙara neman intanet.

Wani malamin sakandare a garin, mai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ya saya a gwanjo, ya yi amfani da hutun zango ya gwada su. Ya fara da Whisper, wadda kamfanin OpenAI na Amurka ya saki kyauta a watan Satumba na 2022. An horar da ita da awa 680,000 na maganganun mutane, kuma Hausa na cikin jerin harsuna kusan ɗari da aka ce tana ji. Da ya karanta mata sakin layi na Turanci, ta rubuta shi tsaf, har da waƙafi da aya. Da ya juya harshe zuwa Hausa, sai lamari ya rikice. Wani wuri ta haɗe kalmomi uku su zama ɗaya, wani wuri ta kama jimla guda ta yi ta maimaitawa, wani wuri kuma ta rubuta abin da babu wanda ya faɗa. Dalilin a fili yake: kusan kashi biyu cikin uku na waɗancan awannin Turanci ne, rabon Hausa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ga kuma matsalar nauyi. Ƙaramin samfurinta yana da sauri amma kunnensa bai da kaifi, babban kuwa ya kusa gigabayit 3, kuma a tsohuwar kwamfuta yakan daɗe yana nazarin ɗan gajeren saƙo har batir ya fara kuka.

Manhajar da ta fi jin Hausa a gwajin nasa ita ce ta kamfanin Meta, mai Facebook, wadda aka fitar a watan Mayu na 2023 da sunan MMS, tana ji tana kuma karanta harsuna sama da 1,100. Rubutunta babu babban baƙi babu aya, amma kalmomin Hausa ne. Inda aka samo muryoyin shi ne abin lura. Da kamfanin ya nemi sautin da ke da rubutunsa a gefe cikin harsuna masu yawa haka, karatun Sabon Alkawari ya samu, kimanin awa 32 ga kowane harshe. Haka ma tarin BibleTTS na 2022, mai Hausa ta sama da awa 80, daga karatun Littafi Mai Tsarki aka haɗa shi. Wannan ba abin zargi ba ne. Waɗanda suka zauna suka naɗi karatun sun yi aikin da ya amfani harshen gaba ɗaya. Amma dai karatu ne, cikin ɗaki mai shiru, da Daidaitacciyar Hausa, a bakin mai karatun da ya shirya.

Manomi ba haka yake magana ba.

Malamin ya nemi izinin wani dattijo maƙwabcinsa ya naɗi bayaninsa kan tsutsar nan da ta shigo Najeriya a 2016 take cinye zuciyar masara. A zaure aka yi hirar, injin niƙa na ruri a bayan gida, babura na wucewa. Dattijon ya ce "hwara" inda littafi ke cewa "fara", ya ce "shina" a madadin "yana", ya kira auduga kaɗa, ya cusa sunan taki da na maganin feshi yadda ake faɗarsu a kasuwa, ya katse jimla ya amsa sallama sannan ya ɗora. Duk Bakatsine zai fahimce shi ba tare da wahala ba. Kwamfutar kuwa ta kama gaisuwa da addu'a, ta yi tuntuɓe a daidai inda amfanin maganar yake, wato sunan magani da yawan murfin da ake zubawa a tankin feshi. A nan kuskure ba ƙaramin abu ba ne. Idan murfi biyu ya koma huɗu a takarda, ganye zai ƙone, kuɗi su tafi, mai feshin ma ya shaƙi abin da ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya ɗauki rubutun irin wannan manhaja ya tura wa manoma ba tare da ya sake sauraron muryar ba, ya yi ganganci da amanar mutane.

Ɓangaren karatu da murya ya fi ban sha'awa, ya kuma fi saurin tona asirin rubutunmu. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Bahaushe ya san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi saboda ya ji abin da ya gabata, ita kuwa kwamfuta harafi huɗu kawai take gani, sai ta yi canki. Idan aka ƙara da sakacin da ake yi na barin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, karatun ya ƙara lalacewa. Alƙaluma ma sai da malamin ya mayar da su kalmomi kafin su fito daidai. Duk da haka, da ya rubuta sanarwar taron iyayen yara da kyau, da kowace lanƙwasa a wurinta, muryar ta karanta abin da tsohuwa a cikin gida ta gane.

Wannan kaɗai ya isa a ɗauki lamarin da muhimmanci. A wannan yanki ilimin noma ta kunne ya saba tafiya, daga malaman gona na shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, zuwa shirye-shiryen Rediyon Kaduna. Akwai dattawan da suka iya ajami amma boko ya gagare su. Akwai makafi, waɗanda 'yan'uwansu masu jin Turanci ke sarrafa kwamfuta da manhajar NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostireliya ya fara a 2006 ake kuma raba ta kyauta. Su ne suka fi kowa buƙatar na'urar da za ta karanta musu Hausa mai daɗin ji.

Ana samun ci gaba. A watan Oktoba na 2024 Google ya saka Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da murya a waya, ko da yake wannan sai da data, kuma muryar mutum barin wayarsa take yi ta tafi rumbun kamfani. Ga maganar gado ko ta rashin lafiya, manhajar da ke aiki a kwamfutar gida ta fi sirri. Shirin NaijaVoices kuma ya tattara kimanin awa 1,800 na Hausa da Yarabanci da Ibo daga bakin mutum sama da 5,000.

Abin da ya rage yana hannun mutanen gari. Shafin Common Voice, wanda gidauniyar Mozilla ta buɗe a 2017, yana karɓar Hausa: mutum ya karanta gajeriyar jimla ya tura, ko ya saurari ta wani ya tabbatar, ko ya ba da sababbin jimloli. Ɗalibai da malaman Malumfashi da Ƙafur da Bakori su shiga, su rubuta jimlolin taki da shuka da tsinkar auduga, su jawo mata da dattawa, don muryarsu ce ta fi ƙaranci. Sharaɗi ɗaya ne: a gaya wa duk wanda za a naɗa cewa muryarsa za ta zama ta kowa da kowa, kuma kada a danna makirufo sai ya ce ya yarda.