Jan Tabo a Rufin Motar Baba

Wata goma sha huɗu motar Baba ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ba mai taɓa ta sai ni, ran Juma'a in tayar da ita don kada batir ya mutu. Toyota ce Carina E mai dogon baya, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1992 da 1997 don kasuwar Turai. Sai da ta gama shan gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, sannan aka sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ta biyo hanya har Garwa. Mu nan okaziyon muke ce wa irinsu, 'yan'uwanmu na Yola su ce Beljiyam. A samanta akwai sanduna biyu da ta zo da su tun daga kamfani, a kansu kuma Baba ya sa mai walda ya ɗaura masa kariyar ƙarfe.

Kariyar nan ta ga duniya. Buhunan masara da gyaɗa daga kasuwar Pitoa ta ran Lahadi, kayan ɗakin yayata, ragon layya a ɗaure yana kuka har gida. A Janairun 2022, da aka kawo wasannin cin kofin Afirka filin Roumdé Adjia, dangi suka cika mana gida daga Yola don su ga Najeriya, katifunsu duk a kanta aka ɗauko. Sun yi murna ranar da aka ci Masar, sun koma jiki a sanyaye bayan Tunisiya ta fitar da su. Wannan ce hidimar motar ta ƙarshe mai girma. Kafin shekarar ta fita Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

A Fabrairun 2024 aka zauna aka ce a sayar da ita kafin azumi a raba gado. Ni na nemi a ba ni mako biyu in ɗan gyara mata fuska. Inji lafiya lau, amma ranar Garwa ta ƙone baƙaƙen robobin gefe da bamba sun koma launin toka, sandunan sama sun yi fari-fari, kariya kuwa duk tsatsa. Mai saye da ido yake fara saye.

Na san aikin magana, ban san aikin hannu ba, amma a lokacin ban yarda da haka ba. Na tashi daga rediyo, na biya babbar kasuwa na sayo gwangwani uku na baƙin fentin feshi, irin wanda ake kira bom. Ƙarfe biyu na rana, mota ta sha zafi har ba a iya dafa ta, ga hazon ƙarshen hunturu, na hau kujera na fara feshi. Ko wanki ban yi mata ba. Da la'asar na shafa sandar, sai na ji ta kamar bayan kada. A wani wurin fentin ya zubo ya daskare kamar majina, gilashin baya kuma ya yi ɗigo-ɗigo.

Maƙwabcinmu tsohon mai fentin mota ne, ya yi shekaru a gareji kafin ƙirji ya hana shi. Baffa muke ce masa. Ashe tun ɗazu yana kan tabarmarsa yana kallona.

"Ɗana, ka gama?"

"Na gama, Baffa."

"To madalla. Gobe sai mu fara."

Kwana uku muka yi muna kankare abin da na yi cikin minti arba'in. Yana zaune yana ba da umarni, ina gumi. A wurinsa na ji cewa in rana ta yi tsanani fentin yakan bushe a iska tun bai sauka ba, ya faɗo gari-gari, shi ne ƙaiƙayin da na ji. Ƙurar hunturu kuma ta samu danshi ta zauna. Ya ce lokacin fenti a garin nan bayan asuba ne, iska ba ta tashi ba, ƙarfe da sanyinsa, kuma a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin nake gaida masu sauraro. Dole muka jira Lahadi.

Ya aike ni in ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika. Ya manna a kariya, ya kama. Ya manna a sandar kamfani, ya faɗo. Ya ce ka gani, wannan ƙarfe, wannan alminiyom, ciwonsu ba ɗaya ba, maganinsu ba ɗaya ba. Ƙarfe jar tsatsa yake yi, tana ci tana shiga ciki, sai an goge ta da samfefa har ya yi haske, a shafa jan fentin nan na antirui kafin baƙi. Alminiyom farin gari yake yi a sama, kuma fenti ba ya son zama a kansa sai an karce shi an sa masa shimfiɗar da aka yi dominsa. Roba kuwa ya ce ta fi su taurin kai, akwai wani ruwa da ake fara fesa mata don fenti ya kama. Na tambaya a shago, na ji kuɗinsa, na ce a raina Baffa tsufa ne ya sa shi tsanani. Ban saya ba.

Gilasai da jikin mota muka lulluɓe da tsofaffin jaridun da na tara tun ina makarantar aikin jarida, Cameroon Tribune da L'Œil du Sahel, muka bi da salatif. Matata ta ce yau dai ta ga amfaninsu.

Da muka sauke kariya, Baffa ya ce a kwance sandunan ma, a fente su a ƙasa. Na kwance ta hagu ba komai. Na ɗaga ta dama, sai ga shi a ƙarƙashin ƙafarta ta baya: robar da ke tare ruwa ta ruɓe, rufin ya kumbura, da na danna da sukurdireba sai ya burma. Rami kamar kwabon sefa ɗari, kewayensa kuma ya yi laushi kusan faɗin tafin hannu. Nan take na tuna Inna tana cewa duk damina kujerar baya warin danshi take yi, Baba yana cewa yara ne ke barin gilashi a buɗe. Mun sha faɗa a kan wannan gilashi.

Baffa ya ce gyaran gaskiya shi ne a yanke wurin a yi walda, amma sai an sauke silin ɗin ciki don kada ya kama wuta, kuma ƙarfen rufi siriri ne, zafi na iya lanƙwasa shi, daga nan sai fentin rufi gaba ɗaya. Kuɗin da lokacin duk ba mu da su. Ɗaya hanyar kuwa ba shi ya faɗe ta ba, dillali ne. Ya zo da yamma ya leƙa, ya yi dariya, ya ce mastik na sefa dubu biyu ya ishe shi, a cike, a goge, a fesa, a mayar da sanda a kai. Ya ce wa zai hau saman mota ya kwance sanda? Kafin ruwa ya sake shiga an yi damina ɗaya ko biyu.

Zan faɗi gaskiya, na sayo mastik ɗin. Ya kwana a cikin but.

Abin da ya hana ni barci shi ne shirin da nake gabatarwa ran Juma'a, inda malami ke amsa tambayoyin ciniki. Da bakina na sha karanta saƙon masu sauraro a kan mai tumatir da ke jera manya a saman kwando, da mai hatsi da ke zuba tsakuwa a gindin buhu. Na sha jin malam yana bayani daga Risala cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma mai saye yana da damar mayar da ita in ya gano. Ina jin haka in ce "Allah ya kyauta" da muryar nan tawa ta rediyo. Ban taɓa tsammanin tambayar za ta zo mini a gindin darbejiya ba, kuma da nauyin da ba a faɗa a shiri: kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Mu shida ne da Inna. Yayata mijinta ya rasu, 'ya'yanta huɗu, ta riga ta gama lissafin rabonta har na kuɗin makaranta.

Na tara su na faɗa musu. Yaya ta dube ni ta ce, "Kai da albashinka. Da kuɗin wa za ka yi tsoron Allahn?"

Har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, balle ita. Na dai ce duk abin da aka rage a cire daga rabona. Ta ce ba sadaka ta zo nema ba. Inna ce ta raba mu. Ta ce, "Malam bai taɓa sayar da akuya bai buɗe wa mai saye bakinta ba. Ku bar wurin yadda kowa zai gani."

Haka aka yi. Na goge tsatsar, na shafa antirui, Baffa ya sa aka toshe ramin da ɗan faci don ruwa, muka bar wurin ja, ya leƙo daga ƙarƙashin sanda kamar tabon ƙuna. Sauran aikin kuwa, ranar Lahadi bayan asuba, na yi shi yadda aka koya mini: gwangwani nesa da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, hannu yana tafiya ba tsayawa, shafi siriri, a jira ya sha iska, a sake, har sau uku. Da rana ta fito muka yaye jaridu, Inna ta fito ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta koma ciki ba ta ce komai ba.

Wani mai fataucin albasa daga Gidar ne ya saya. Na kai shi, na nuna masa wurin kafin ya tambaya. Ya hau taya, ya danna da babban yatsa, ya sauko ya zabge sefa dubu 150 daga abin da muka sa. Dillali ya harare ni kamar na zagi mahaifinsa. Da aka zo rabo, Yaya ta karɓi rabin abin da na ce a cire daga nawa, ta bar rabi, kuma ba ta sake taka gidana ba sai ranar ƙaramar Sallah, shi ma don yara sun matsa.

Bayan damina na hange ta a kan gadar Binuwai, ina kan babur za ni ɗaukar rahoto. Buhuna sun yi mata tsiri a kai, igiya ta riga ta cinye fentin kariyar a wurare da yawa. Sandunan dai suna nan baƙi ƙirin. Bamba kuwa, wadda na ƙi saya wa ruwan nan, fentinta ya ɗaɗɗago yana saɓulewa kamar maciji na saɓa. Na ce wa mai babur ya ɗan matsa kusa ko zan ga jan tabon, amma buhu ya rufe shi. Da na dawo na ba Baffa labarin bamba, ya ce in je in sayo ruwan, akwai babur ɗin ɗansa.