Hasana da Husaina a Cikin Kwamfuta

A shekararta ta uku a sashen lissafi da kimiyyar kwamfuta, babu darasin da ya kai na nazarin harsunan na'ura gundurar ta. Da ƙarfe uku na rana ake yin sa, lokacin da zafi kan sa kai ya yi nauyi. Malamin dattijo ne mai sanyin murya, kuma bai taɓa shigowa aji da kwamfuta ba, alli kaɗai yake riƙewa. Sai ya zana da'ira a allo, ya ja kibiya zuwa wata da'irar, ya rubuta harafi ɗaya a kan kibiyar, ya ce wannan shi ne otomat: wata na'ura ta cikin tunani wadda ke karanta haruffa ɗaya bayan ɗaya, tana sauka daga wannan matsayi zuwa wancan, har ta kai ƙarshen kalma ta karɓe ta ko ta ƙi ta. A wannan ajin ne ta fara jin sunan Noam Chomsky da maƙalarsa ta 1956 a kan nau'o'in nahawu, ta kuwa ɗauka masanin kwamfuta ne. Sai da maƙwabciyarta a ɗakin kwanan ɗalibai, mai karatun kimiyyar harshe, ta yi mata dariya har da riƙe ciki, sannan ta san cewa sassan nan biyu suna da kaka ɗaya.

Akwai wani abokin karatunta da ya daina zuwa darasin tun makon farko. Da wayarsa da bidiyoyin YouTube ya koyi gina shafukan intanet, kafin shekara ta ƙare har ya fara yi wa ƴan kasuwar Maraɗi aiki suna biyan sa. Duk sa'ad da ya gan ta da littafinta sai ya ce, “Ke dai ci gaba da zana ƙwai da kibiyoyi, mu muna can muna aiki.” Ba ta da amsar ba shi, domin a ranta ta yarda da shi. Ta ci jarrabawar dai da ƙyar, ta jefa littafin a ƙasan akwati.

Shi ne kuma ya yi mata hanya ta sami gurbin sitaj a wani ƙaramin kamfanin manhaja da yake yi wa aiki. Aikin farko da aka danƙa mata ya yi kama da na mako ɗaya. Wata ƙungiya ce za ta raba hatsi ga mata a ƙauyuka sittin kafin faɗuwar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, tana da sunaye wajen dubu goma sha biyu a cikin fayilolin Excel dabam-dabam. Ana so a haɗa su wuri ɗaya, a fitar da waɗanda aka rubuta sau biyu, domin buhunan a ƙirge suke.

Hannuwa da yawa ne suka rubuta jerin. Waɗansu ma'aikatan sun bi rubutun Faransanci irin na takardar haihuwa, waɗansu kuma, waɗanda suka fito daga aikin yaƙi da jahilci, sun bi ƙa'idar rubutun Hausa har da haruffa masu ƙugiya. Da ta zuba fayilolin cikin rumbun bayanai, sai Ɗahiru ya fito “?ahiru”, Baƙo ya fito “Ba?o”. Wannan bai ɗauke ta sa'a guda ba. Ta tuna darasin shekarar farko inda aka wahalar da su da juya lambobi zuwa sifiri da ɗaya a takarda: kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na shekarun 1960 gurabe 128 ke gare shi, an yi shi ne domin Ingilishi. Latin-1 da ya biyo baya ya kai 256, ya ɗauki é da ç na Faransanci, amma babu ɗ, babu ƙ. Sai a Unicode ne ɗ ya sami lambarsa U+0257, ƙ kuma U+0199. Rumbun nan an kafa shi ne bisa Latin-1, duk harafin da bai sani ba sai ya sa alamar tambaya a madadinsa. Abin da darasin ya ƙara mata, wanda mai laluben gyara a intanet kan iya tsallakewa, shi ne sanin cewa harafin ya riga ya salwanta: alamar tambayar ba ta riƙe da labarin ko ɗ ta haɗiye ko ƙ, don haka ba a gyara ta daga ciki. Ta mayar da rumbun kan UTF-8, ta sake zuba fayilolin tun daga tushe. Ta koma gida ran nan tana jin kanta injiniya.

Maimaitattun sunaye ne suka kayar da ita. Mace ɗaya tana iya zama Aïchatou a jerin wannan ma'aikaci, A'ishatu a jerin wancan. Ranar miƙa aiki ta matso, sai ta tarar rumbun bayanan yana ɗauke da wata shiryayyiyar dabara mai suna Soundex, wadda aka yi wa rajista a Amurka tun 1918 domin gano sunaye masu amo iri ɗaya. Tana riƙe harafin farko na suna, ta zubar da wasula, ta ba baƙaƙen da ke kusa da juna lamba ɗaya. Ta gwada ta da Aïchatou da A'ishatu, duka biyun suka ba da A230. Ta gwada wasu biyu ko uku da suka faɗo mata a rai, suka dace. Sai ta kafa sharaɗi: in lambar suna ta zo ɗaya, ta sunan uba ta zo ɗaya, ƙauye ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ce, a share ta biyun. A ido sharaɗin tsattsaura ne, har mai kamfanin ya yaba.

Ranar rabo ta uku, wajen la'asar, wani ma'aikacin ƙungiyar ya bugo waya daga wani ƙauye na yankin Gidan Rumji. Ya ce ga wata mata nan zaune bakin ma'auni tun hantsi, da ɗa a goye, an gama kiran suna ba a kira ta ba, alhali ta rantse an rubuta ta. Sunanta Husaina. Ƴar'uwarta Hasana ta karɓi nata buhun tun da safe ta tafi gida.

Ba ta buƙaci buɗe kwamfuta ba kafin ta gane. Hasana H250, Husaina H250. Uba ɗaya, gari ɗaya, shekara ɗaya, domin tagwaye ne. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san wasalin da ke raba Hasan da Husaini, ita kanta akwai tagwaye a ɗakin kakarta a Tasawa, amma ta miƙa hukunci ga dabarar da aikinta na farko shi ne zubar da wasula. Da ta sake bin jerin cikin dare, sai ta ga ɓarnar ta fuska biyu ce. Dabarar ta haɗe mutane biyu, ta kuma kasa haɗe mutum ɗaya: Ousseina da Husaina ba su taɓa gamuwa ba, tunda ɗaya da O ta fara ɗaya da H, haka Chaibou da Shaibu, haka Issoufou da Yusufu. Mata nawa aka share bisa kuskure? Ta ƙirga goma sha ɗaya. Ƙungiyar ta kai musu hatsinsu bayan kwana tara, kuma ita ba ta daina lissafa abin da aka ci a gidajen nan cikin kwana taran ba.

Washegari ta fara da abin da ta fi tunawa daga darasin algoritim, wato ma'aunin da Vladimir Levenshtein ya fitar a 1965, mai ƙirga yawan harafin da za a canza, ko a ƙara, ko a cire kafin wata kalma ta koma wata. Wannan karon ta yi lissafin da hannu kafin ta rubuta layi ɗaya na manhaja. Daga Hasana zuwa Husaina taki biyu ne. Daga Ousseina zuwa Husaina taki uku. Ashe a wannan ma'aunin ma Husaina ta fi kusa da ƴar'uwarta bisa ga kanta. Nan ta gane cewa ba a ma'auni matsalar take ba. Tana gwada abubuwan da aka rubuta da ƙa'idoji biyu ne, kamar mai auna rabin hatsi da tiya rabi da kilo yana tara jimla. Dole a fara mayar da kowane suna ga rubutu ɗaya.

Daren nan ta kwance akwati ta ciro littafin ƙwai da kibiyoyi. Can wajen ƙarshensa akwai wani nau'in otomat da malamin ya yi musu cikin darasi biyu, wanda ba karɓa ko ƙi kaɗai yake yi ba: yana karanta harafi, yana rubuta wani a madadinsa. Ta fara jera dokoki. Ch ya koma sh, dj ya koma j, gui ya koma gi, ss ya koma s, ei ya koma ai. Ou ya koma u, har Oumarou ya zama Umaru, amma tsakanin wasula biyu ya koma w, in ba haka ba Haoua ba za ta zama Hawa ba. Sai ta ci karo da abin da duk ɗalibin ilimin tsarin sauti ya sani tun shekarar farko, ita kuwa sai da ta gano shi da gumi: jerin dokoki yana da gaba da baya. In dokar ch ta riga dokar tch aiki, ta cinye mata abinci, sai a sami “tsh” inda ake neman c. Ta kira tsohuwar maƙwabciyarta ta ɗakin kwana tana ba ta labari kamar ta gano sabuwar ƙasa. Ita kuwa ta ce mata ai wannan tsohon zance ne a wurinsu tun littafin Chomsky da Halle na 1968, kuma tuni Kaplan da Kay suka nuna a 1994 cewa ana iya mayar da irin waɗannan dokoki su zama otomat ɗin da take zanawa. Shekara uku sun kwana ɗaki ɗaya, kowace tana karanta rabin abu guda.

Akwai inda dokokin ba su da iko. Rubutun Faransanci ba ya nuna ƙugiya, don haka daga Bako ba a iya sanin ko k ne ko ƙ, kamar yadda mai ganin “baki” a saƙon waya ba ya sanin na magana ake nufi ko na launi sai ya duba jimlar. Sai ta ware gurbi biyu ga kowane suna: ɗaya yana riƙe da shi yadda mai rubutu ya rubuta, ba a taɓa shi, ɗayan kuma yana riƙe da siffar da aka daidaita domin gwaji kawai. Darasin rumbun bayanai ne ya koya mata wannan, ko da yake a lokacin misalin malamin na ɗakin karatu ne da littattafan aro. Batun lokaci ma lissafin aji ne ya warware shi. Gwada kowane suna da kowane a cikin dubu goma sha biyu ya kai gwaji kusan miliyan 72, abin da tsohuwar kwamfutarta ba za ta gama ba kafin a ɗauke wuta. In aka kasa su ƙauye-ƙauye, kowane da wajen ɗari biyu, bai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba.

Sai dai rashin adalci ne a ce jami'a ce ta gama aikin. Ran da ta rubuta sabon fayil a kan tsoho ta shafe aikin kwana huɗu, abokin nan mai yi mata ba'a ne ya dawo da shi cikin minti biyu, saboda shi ya tilasta mata ajiye komai a Git, abin da ba ta taɓa jin an ambata a aji ba. Sauran kuma daga bakin wani tsohon magatakardan ƙungiyar ya fito, mutumin da ya shekara talatin yana rubuta sunayen mutane a ƙauyuka kuma bai taɓa kunna kwamfuta ba. Ya dubi sharaɗinta na shekarar haihuwa ya yi murmushi.

“Ƴata, yawancin matan nan ba ranar haihuwa ke a takardarsu ba, kintace ne. Shi ya sa kike ganin ɗaya ga Janairu ko'ina.”

“To, Baba, sunan miji fa? In na ƙara shi ai zai raba su.”

“Wace mace za ta faɗi sunan mijinta a gaban jama'a? Wata ta ce Malam, wata ta ce Maigida, wata maƙwabciya ce za ta faɗa mata shi. In kuwa sunan ɗan fari ya zo ɗaya da wanda kike tambaya, sai dai ki ji laƙabi.”

Daga wannan hirar ta cire ikon sharewa daga manhajar gaba ɗaya. Yanzu abin da take yi shi ne ta fitar da sunayen da take zargin na mutum ɗaya ne, bibbiyu, a buga su a takarda, ma'aikaci ya kai wa maigari a tantance. Ta kuma ƙara wani ɗan jeri da hannunta na sunayen da ba a yarda a haɗa su ba komai kusancinsu, Hasana da Husaina a sahun farko, Hasan da Husaini na biye.

A rabo na biyu manhajar ta fitar da zargi ɗari da arba'in da uku. Masu gari suka tabbatar da mafi yawansu, suka ƙaryata ashirin da shida, ciki har da kishiyoyi biyu masu suna Hawa waɗanda iyayensu maza duk Abdu ne. Da aka zo buga jeri na ƙarshe, sai na'urar buga takardu ta ofishin ta fitar da ƙaramin akwati fanko a duk inda ɗ ko ƙ ya kamata ya fito, domin salon haruffan da ke kanta bai san su ba. Motar ƙungiyar tana jira a ƙofa, direba yana ta danna oda. Ta ce masa ya ba ta minti goma, ta koma ta zauna tana neman salon da ke da ƙugiya.