Zayyanar Allo da Bangon Littafi

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mu da muke wuni da yara a aji mun daɗe da lura cewa ido ne ke fara zaɓar wa yaro abu, tun kafin harshe ya ɗanɗana ko hankali ya auna. A duba ƙofar kowace makaranta a cikin birnin Kano idan an fita tara. Ga mai gyaɗa da aya da dabino a faranti, ga kuma mai tebur da biskit da cingam cikin leda mai ƙyalli, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Sai ka ga an yi cincirindo a gaban tebur, alhali kuwa abin farantin ya fi amfani a jiki.

Wannan hali ba na yaranmu kaɗai ba ne. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2007, masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ba yara 63, 'yan shekara 3 zuwa 5, abinci iri ɗaya sak, wani a ƙunshin McDonald's, wani a ƙunshin da ba shi da tambari. Mafi yawansu suka ce na McDonald's ya fi daɗi, har karas da madara. Ita kuwa ƙasar Chile, a 2016 ta hana sa hotunan katun a kwalin abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta kuma tilasta buga masa baƙin tambari na gargaɗi.

To, amma ba sai mun je nesa neman darasi ba, domin kakanninmu sun riga mu sanin wannan sirri, kuma ta hanyar alheri suka bi da shi. Idan yaro ya yi saukar Alƙur'ani, akan kai allo wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da ja da kore da rawaya, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Ranar walima yaro ya ɗauki allonsa ya zaga gidajen dangi, ana sa masa albarka. Ƙannensa kuwa suna kallo, kowa na ƙudurtawa a ransa cewa shi ma sai ya riƙi irin wannan allo. Launin da mai biskit ke jan yaro da shi zuwa ga zaƙi, da shi malam ke jan sa zuwa ga ilmi.

A nan ne maganar ta iso kanmu, 'yan'uwa marubuta. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, da zane-zane aka san shi. Littattafan soyayya da suka cika Kano daga ƙarshen shekarun 1980 su ma da kyan bango suka riƙa kiran mai saye. Amma littattafan yara da yawa sukan fito da bango mara armashi da ƙananan baƙaƙe, alhali ga wayar hannu tana yi wa yaron nan ƙyalli dare da rana. In littafi bai kira idonsa ba, yaushe zai buɗe shi, balle ya so karatun Hausa?

Shawararmu ita ce, duk mai rubuta wa yara ya nemi mai zane tun da wuri, ya kuma biya shi haƙƙinsa. A zana abin da yaro ya sani: Dutsen Dala, dawakin hawan salla, marinar Ƙofar Mata. A sa launi mai haske da manyan baƙaƙe. Kafin a kai maɗaba'a, a nuna wa yara bango biyu a ga wanda za su fara miƙa wa hannu.

Sai dai a kiyayi kyan ɗan maciji. Bango alkawari ne, dole abin da ke ciki ya cika shi, domin yaron da aka yaudara sau ɗaya da wuya ya sake yarda. Allah Ya sa mu dace, amin.