Daga Tsafe Zuwa Jidda, Ina Nisan Yake?

Zancenmu na wannan mako na mai niyyar Makka ne, da wadda ke shirya wa tsohuwarta kaya.

Kin sha jin yadda kakanninmu suka tafi a ƙasa, ta Barno da Hartum har bakin Bahar Maliya. Sai mutum ya shekara biyu ko fiye, yana noma da ƙodago a hanya don ya sami guzuri. Waɗansu ma can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau. To, jirgin sama ya naɗe wannan ƙasa kamar tabarma. Daga Sakkwato zuwa Jidda wajen mil 2,300 ne, jirgi kuwa yakan yi su cikin kamar awa 5 in ya miƙe sosai. In ya yi kewaye, kamar yadda aka yi a 2023 da yaƙi ya sa aka rufe samaniyar Sudan, sai lokacin ya ƙaru.

Amma kada awa 5 ɗin nan ta ruɗe ki. Shekara da shekaru alhazan Zamfara galibi daga Sakkwato suka riƙa tashi. Mutuniyar Tsafe sai ta fara isa Gusau, ta wuce Bunguɗu da Maru da Talata Mafara. Daga Gusau kaɗai wajen mil 130 ne, watau awa 3 ko 4 a mota. Kin ga ke nan ta kusa cinye lokacin Jidda tun ba ta ga fiffiken jirgi ba. Ga kuma zaman jira a sansanin alhazai, wani lokaci har a kwana. Don rage wannan wahala aka soma ginin filin jirgin sama a Gusau a 2024. Amma ko daga ina za ki tashi, jira yana nan.

Saboda haka ki yi shirin yini biyu. Maganin hawan jini ko na ciwon sukari, ki sa shi a jakar hannu tare da fasfo. Kada ya shiga babban akwati, don ba za ki sake ganin akwatin ba sai an sauka. Ki riƙe ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino, da mayafi mai kauri, gama cikin jirgi da sanyi. In kin daɗe a zaune, ki tashi ki taka, kada ƙafa ta kumbura.

Abu na ƙarshe, agogon Makka yana gaban namu da awa 2. In kin tashi ƙarfe 10 na dare, ki sauka ƙarfe 5 na asubarsu, a gida ƙarfe 3 ne. Ki gyara agogonki saboda salla, ki kuma gaya wa maigida tun yanzu, kada lissafi ya rikice masa ya zauna cikin zullumi.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.